Wiliyam Harshel, Makaɗin Da Ya Gano Sabuwar Duniya A Bayan Gidansa

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Ina so in ba ku labarin wani mutum wanda ya gaskata wannan magana, sunansa Wiliyam Harshel. Bai shiga jami'a ba, babu kuma malamin da ya zaunar da shi ya koya masa ilimin taurari. Sai da ya kusa shekara 35 kana ya soma, amma a ɗan lambun da ke bayan gidansa ya gane abin da ba wanda ya taɓa ganewa kafinsa. Mutane da yawa su kan ce sa'a ce ta faɗo masa. Ni dai ban yarda ba. Ku bi labarin a hankali, sa'an nan ku yanke hukunci da kanku.

An haife shi ran 15 ga watan Nuwamba, cikin shekara ta 1738, a birnin Hanoba ta ƙasar Jamus. Ubansa, Ishaku, mai busa ne cikin makaɗan sojan birnin, abin busarsa kuwa wata irin algaita ce ta Turawa. Ba mai dukiya ba ne, abin da ya bar wa 'ya'yansa gado shi ne kiɗa da son sani. Wiliyam ya tashi ya iya busa, ya iya gogen Turawa, har tun yana yaro ya shiga cikin makaɗan soja tare da ubansa. Cikin shekara ta 1757 sojan Faransa suka ci na Hanoba da yaƙi, ƙasa ta rikice. Sai ya haye teku ya tafi Ingila, domin a zamanin nan sarki ɗaya ne ke mulkin Hanoba da Ingila. Shekarunsa 19 ke nan, ba kuɗi, ba gata.

Da fari ya ci abinci da kwafar takardun waƙa a Landan. Daga nan ya nufi arewacin ƙasar, yana koya wa mutane kiɗa, yana tsara waƙoƙi nasa na kansa, yau yana wannan gari gobe yana wancan. Cikin shekara ta 1766 aka kira shi birnin Bath, inda attajirai ke zuwa hutawa da wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi, aka ba shi aikin kaɗa ogan a wata sabuwar majami'a. Nan arziki ya samu. Almajirai suka yi masa yawa, ana girmama shi, ba ya rasa ci da sha. Da wani ne, sai ya miƙe ƙafa ya ce shi ke nan.

Amma Harshel in ya gama aikin yini ba ya kwanciya sai ya yi karatu. Ya sami wani littafi da ke bayyana lissafin da ke cikin amon kiɗa. Da ya ƙare shi sai ya nemi wani littafin na wannan mawallafi, wanda ke maganar haske da madubai. Daga nan ya faɗa littattafan taurari. Ka ga yadda ilimi ya ke, ƙofa ɗaya ita ke buɗe wata. Karatu bai ishe shi ba, sai ya ƙudura a ransa lalle ya ga waɗannan abubuwa da idonsa.

A nan ya kamata in ɗan yi bayani. Abin da mu ke kira taurari iri biyu ne. Akwai waɗanda ba su sāke wuri a tsakaninsu. Su ranaku ne kamar tamu, nisa ne ya sa suka ƙanƙance. Akwai kuma masu yawo, yau suna kusa da wannan tauraro, bayan wata guda suna kusa da wancan. Su duniyoyi ne kamar tamu, suna kewaya rana, ba su da hasken kansu sai wanda rana ta haska musu. Tun zamanin dā biyar kaɗai mutane suka sani: Utaridu, da Zara matar wata, da Mirrihu, da Mushtari, da Zuhalu. Mirrihu shi ne jan nan da Turawa ke kira Mas, Mushtari shi ne Jufita, Zuhalu kuwa mai zobe shi ne Satun. In an haɗa da tamu sun zama shida. Malaman Misira da na Girka da na Larabawa duk a nan suka tsaya, kowa ya ɗauka Zuhalu shi ne iyaka.

Harshel ya yi hayar madubin hangen nesa, ya ga bai gamsar da shi ba, manya kuwa ba su samuwa. Saboda haka cikin shekara ta 1773 ya soma ƙera nasa. Irin wanda ya ƙera shi ne wanda Niyuton ya fara yi tun shekara ta 1668. Bututu ne dogo, a gindinsa akwai madubi mai zurfi kamar tasa. Hasken tauraro ya kan shiga ta baki, ya bugi wannan madubi, ya tattaru wuri ɗaya, sa'an nan wani ƙaramin madubi ya karkata shi zuwa gefe inda mutum ke sa ido. A lokacin ba da gilashi a ke yin madubin ba, da ƙarfe ne. A kan narka jan ƙarfe da kuza, kamar kashi biyu da kashi ɗaya, a zuba cikin mazubi, in ya huce a yi ta gogawa har ya yi ƙyalli. Mazubin kuwa da busasshen kashin doki ya ke yinsa, a daka a tankaɗe. Gugar ita ce wahala, domin in zurfin ya kauce ko kaɗan, tauraro sai ya fito dishi-dishi, aiki ya ɓaci, a koma farko.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yana da ƙanwa, Karolin, wadda aka haifa cikin shekara ta 1750. Zazzaɓi mai tsanani ya kama ta tana 'yar shekara goma, ya hana ta tsawo, uwarta kuwa ta mai da ita mai aikin gida, ba ta son ta yi karatu. Cikin shekara ta 1772 Wiliyam ya je Hanoba ya ɗauko ta, ya koya mata waƙa da Turanci da lissafi. Ita ce ta riƙa daka kashin dokin nan. Akwai ranar da ya yi sa'a 16 yana gugar madubi bai ɗaga hannu ba, sai ita ta riƙa sa masa abinci a baki. Gidan duk ya koma maƙera. Cikin watan Maris na shekara ta 1774 ya buɗe littafinsa na rubuta abin da ya gani, ya fara da zoben Zuhalu. Daga wannan dare har tsufansa bai bar wannan al'ada ba, duk abin da ya gani sai ya rubuta, da rana da sa'a.

Wata rana a ƙarshen shekara ta 1779 ya fito da madubinsa kan titi yana duban wata. Wani likita mai suna Watson ya zo wucewa, ya roƙi a bar shi ya leƙa. Abin da ya gani ya ba shi mamaki, sai ya gayyaci makaɗin nan cikin taron masana na garin. Wannan abota ita ta buɗe masa hanya zuwa wurin manyan masana na Landan.

To, ga abin da Harshel ke nema. Ya so ya auna nisan taurari, abin da ba wanda ya iya a lokacin. Dabarar kuwa ta Galileyo ce. Miƙe hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sa'an nan ka buɗe shi ka rufe ɗayan. Za ka ga yatsan kamar yana tsalle a gaban bangon da ke nesa. In ka kawo shi kusa da fuska tsallen ya ƙaru, in ka nisanta shi ya ragu. Duniyarmu tana kewaya rana, inda ta ke yau da inda za ta kasance bayan wata shida tsakaninsu mil miliyan 186 ne, watau kamar idanu biyu ke nan. Ashe tauraro na kusa ya kamata ya ɗan yi tsalle a gaban na nesa. Domin a gane tsallen, sai a nemi taurari biyu da suka matsu da juna ƙwarai, ɗaya mai haske ɗaya mara haske, a ɗauka mai hasken na kusa ne, ɗayan kuma yana can baya. Su ne a ke kira tagwayen taurari. Da ido kawai sai ka ce ɗaya ne, madubi ne ke raba su.

Saboda neman tagwayen nan ya ɗora wa kansa aiki mai nauyi. Ya ƙudura ya bi sararin sama duka, tauraro bayan tauraro, ya duba kowane ɗaya. Ya yi zagaye na fari a kan masu haske. Cikin shekara ta 1779 ya sāke sabon zagaye, har da ƙananan da ido ba ya gani. Da rana koyarwa, da maraice kiɗa, da dare kuma lambu cikin sanyin Ingila. Madubin da ya ke aiki da shi tsawonsa ƙafa 7, faɗin tasarsa inci 6 da ɗan ɗori, amma ya fi na gidan duban taurari na Sarki kyau.

Ran Talata 13 ga watan Maris, shekara ta 1781, tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na dare, yana lambun gida mai lamba 19 a titin New King, sai ya iso kan wani tauraro da ya ga ya fi maƙwabtansa kauri. Ku lura da wannan wuri da kyau. Tauraron gaske, saboda tsananin nisansa, kome ƙarfin madubi ɗigo ya ke zama, ba ya faɗi. Abin da ke kusa kuwa, kamar duniyoyin nan, in an ƙara ƙarfi ya kan buɗe ya zama kamar ɗan faifai. Harshel yana duba da gilashi mai ninka girma sau 227. Ya sāke mai 460, ya kuma sāke mai 932, abin nan sai ƙara faɗi ya ke yi, sauran kuwa suna nan ɗigo. Bayan 'yan kwanaki ya koma, ya tarar ya gusa daga wurinsa.

Shi kansa bai ce duniya ya gano ba. Ya zaci tauraruwa mai wutsiya ce, haka kuma ya rubuta wa Ƙungiyar Masana ta Sarki a Landan. Amma Maskelin, shugaban gidan duban taurari na Sarki, ya duba bai ga wutsiya ba. Wani masanin lissafi da ke aiki a Rasha, Leksel, ya lasafta hanyarta, ya ga kusan da'ira ce, can bayan Zuhalu. Ashe duniya ce ta bakwai. Nisanta daga rana ya ninka namu sau 19, faɗinta ya ninka na duniyarmu sau huɗu, shekara 84 ta kan yi kafin ta kewaye rana sau ɗaya. A dare guda iyakar da mutane suka sani ta ninka biyu. Harshel ya sa mata suna Tauraron Joji don girmama Sarki, amma wasu ƙasashe ba su so ba. Wani Bajamushe, Bode, ya kawo sunan Yuranos, shi ne ya zauna har yau.

Ga hujjata a kan masu cewa sa'a ce. Da aka binciki tsofaffin takardu sai aka tarar masana sun sha ganin Yuranos. Filamstid, wanda ya fara riƙe gidan duban taurari na Sarki, ya gan ta tun shekara ta 1690, ya rubuta ta cikin jerin taurari, ya wuce. Wasu ma sun gan ta sau da yawa ba su gane ba. Harshel ya gane ta ne don dalili biyu. Madubinsa ya fi nasu, shi ya goge shi da hannunsa. Idonsa kuma ya saba da dubban taurari, ya san kamanninsu, shi ya sa baƙuwa ba ta ɓuya masa ba. Makiyayin da ya san garkensa, ko cikin ƙura ya kan gane saniyar da ba tasa ba. Tun da kuwa yana bin sama bi da bi ne, in ya kuskure ta a wannan dare, da ya same ta a wani.

Suna bai sa ya huta ba. Cikin watan Agusta na shekarar ya yi niyyar zuba madubi mai faɗin ƙafa 3 a cikin gidan. Zubi na fari ya tsage da ya huce. A na biyu tanderu ya ɓule, narkakken ƙarfe ya malala a daɓen dutse, duwatsun suka yi ta fashewa, kowa ya gudu don ransa. Gidan nan yanzu gidan tarihi ne, tsagar tana nan a daɓen.

Cikin shekara ta 1782 Sarki Joji na Uku ya yanka masa fam 200 a shekara domin ya bar kiɗa ya tsaya kan taurari. Kuɗin bai kai abin da ya ke samu a Bath ba, amma ya karɓa, ya riƙa cike giɓin da ƙera madubai yana sayarwa. Ya koma kusa da fadar Sarki, daga baya ya zauna a garin Slough cikin shekara ta 1786. Nan ma a lambun gida ya ke aiki. Shi yana kan tsani cikin duhu yana faɗin abin da ya gani, Karolin tana zaune da fitila da agogo tana rubutawa, wani dare har tawada ta daskare don sanyi. Da haka suka rubuta gizagizan haske na sama har kimanin 2,500. Ya ga fararen huluna da ke kan Mirrihu sama da ƙasa suna ƙaruwa suna raguwa bisa ga lokatan shekara, ya ce ƙanƙara ce. Cikin shekara ta 1787 ya gano watanni biyu na Yuranos. Cikin 1789 ya ƙare wani ƙaton madubi mai tsawon ƙafa 40, faɗin tasarsa inci 48, a shekarar kuma ya gano watanni biyu na Zuhalu. Wannan ƙato ya fi shekara 50 ba wanda ya fi shi a duniya, amma juya shi wahala, tasarsa kuma tana saurin dushewa, saboda haka yawancin aikinsa da mai ƙafa 20 ya yi. Cikin shekara ta 1800 ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fito launi-launi kamar bakan gizo. Ya sa ma'aunin zafi gaba da jan launi, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafi ya hau. Ta haka aka san akwai hasken da ido ba ya gani.

Ina labarin tagwaye? Ya fitar da jeri na fari cikin shekara ta 1782 mai tagwaye 269, ya bi shi da na biyu mai 434, a ƙarshen rayuwarsa jimlarsu ta wuce 800. Amma tsallen da ya ke nema bai gan shi ba. Bayan shekara 20 da wani abu ya koma kan tagwayensa na dā, ya sāke auna su, ya gwada da abin da ya rubuta tun yana Bath. Sai ya ga waɗansunsu sun juya, ɗaya yana kewaya ɗan'uwansa sannu a hankali. Babban misalinsa shi ne tauraron Kasta, wanda mu ma mu ke gani bisa kanmu ta wajen arewa da maraice, daga Janairu zuwa Afrilu. Tagwayensa su kan yi fiye da shekara 400 kafin su gama kewaye ɗaya. Cikin shekara ta 1803 ya bayyana wa masana wannan.

Wannan ya rushe shirinsa na fari, domin in tagwaye suna tare ne, ba na kusa ba na nesa, ba za su yi amfani wajen awon nisa ba. Amma abin da ya samu ya fi wanda ya rasa. Ya nuna cewa ƙarfin nan da ke jawo mangwaro ƙasa, wanda Niyuton ya ce shi ke riƙe da wata da duniyoyi, yana aiki har can tsakanin taurari masu nisa. Ka'ida ɗaya ce Mahalicci ya shimfiɗa ko'ina. Da bai rubuta awonsa na fari daidai ba, da babu abin da zai gwada da shi. Nisan tauraro kuwa sai cikin shekara ta 1838 wani Bajamushe, Besel, ya auna shi, shekara 16 bayan mutuwar Harshel.

Ba na so in mai da shi wanda ba ya kuskure. Ya yi zaton akwai masu rai a cikin wata, har ya ce rana ma cikinta da sanyi, ana zaune a can. Yau mun san ba haka ba ne. Sa'ad da ya yi aure cikin shekara ta 1788, Karolin, wadda ta yi shekara 16 tana riƙe masa gida, dole ta koma ɗakin haya, abin ya yi mata zafi ƙwarai. Duk da haka ba ta bar aikin ba. Ita da kanta ta gano taurari masu wutsiya guda takwas, Sarki kuma ya yanka mata fam 50 a shekara tun 1787. Cikin 1828 ƙungiyar masana taurari ta ba ta lambar zinariya. Ta rasu a Hanoba cikin 1848, tana da shekara 97.

Wiliyam ya rasu a Slough ran 25 ga watan Agusta, shekara ta 1822, saura kaɗan ya cika shekara 84, watau kusan kewayen Yuranos ɗaya. Ɗansa tilo, Yohanna, ya gaji aikin. Daga 1834 zuwa 1838 ya zauna a Afirka ta Kudu yana rubuta taurarin kudu waɗanda ba a gani daga Ingila. Cikin shekara ta 1986 wani kumbon Amurka mai suna Voyager 2 ya wuce ta kusa da Yuranos ya aiko da hotunanta.

'Yan'uwa, mu da za mu fita mu riƙe aji, me za mu ɗauka a nan? Wasunmu za a tura su ƙauyen da babu ɗakin kimiyya, babu littattafai sai kaɗan. Kada mu ce hannunmu a ɗaure ya ke. Samanmu ya fi na Ingila tsabta in an fita lokacin damina da hazo, muna kuma ganin taurarin arewa da na kudu. Ƙaramin madubin hangen nesa ya isa ya nuna wa yaro watannin Mushtari guda huɗu, ɗan madaidaici ya nuna masa zoben Zuhalu, ya raba masa Kasta biyu. Ko ba madubi, yara su zana inda Zara ta ke kowane mako, su sa kwanan wata, bayan wata uku su gwada zanensu, za su ga da kansu tana tafiya. Yaron da ya koyi duba abu da kyau, ya rubuta shi bisa gaskiya, ya kuma yi haƙuri ya dawo ya sāke dubawa, ya sami abin da Harshel ya samu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya ba mu haƙuri irin nasa, ya sa mu zama masu amfani ga yaran da za a danƙa mana. Amin.